Allon kati a manhajar dillalan bashin gida: yana taimakawa ko ado ne kawai?

Wa'alaikumus salam. Malam, ka ce ofis ɗinku na dillancin bashin gida a nan Ingila ana so ku bar Excel ku koma allon nan da ake jan kati daga layi zuwa layi, kai kuma kana ganin kamar ƙarin wahala ne. Ni ma bin fayil ne aikina a wani ƙaramin ofis a Manchesta, kuma da allon muke aiki, to ga yadda na gan shi.

Yana da amfani sosai, amma ba a yadda yake zuwa ba. Yawancin manhajojin nan allon 'yan talla suke ba ka, za ka ga layuka kamar sabon kwastoma, an tuntuɓa, ana kan aiki, an gama. Wannan "ana kan aiki" ɗin nan ne fayil yake shiga ya yi barci, domin kusan duk rayuwar fayil ɗin bashin gida a nan take, kati ya yi wata biyu a wurin kowa na wucewa yana ganinsa yana cewa ai ana kan aiki, alhali babu wanda ya taɓa shi.

Mu abin da muka yi, kowane layi sunansa ya nuna WA ake jira. Jiran takardu daga kwastoma, jiran amincewar farko ta banki, an tura cikakkiyar buƙata, jiran mai kimanta gida, yana hannun masu tantancewa a banki, ofa (takardar da banki ya tabbatar zai ba da bashin) ta fito, yana wajen lauya, an yi musayar kwantiragi, an karɓi makulli. Da safe in ka buɗe ba sai ka tambayi kowa ba, ido kawai zai gaya maka yau wa za ka dama da waya.

Kuma za ka sha mamakin inda cunkoson yake. Mu a da banki muke zagi, da aka jera katunan sai ga shi layin jiran takardu ne ya fi kowanne tsawo. Mutum an ce ya turo sitetmen na wata uku sai ya turo hoton fuskar wayarsa, rabin lambar akawun ma ba ta fito ba. Direban tasi mai aikin kansa ana neman SA302 (takardar lissafin harajinsa) daga hukumar haraji ta HMRC ya ce akantansa ya yi tafiya. Mutanenmu kuma akwai wata ta daban, kuɗin adashi ya faɗo akawun dunƙule guda, ko kawu ya turo gudummawar kuɗin kafin alƙalami daga gida, banki kuwa dole ya tambayi asalin kuɗin, sai an kawo takardar cewa kyauta ce ba rance ba da shaidar inda suka fito. Irin wannan fayil tun ranar farko nake liƙa masa alama, don na san zai daɗe.

Yanzu ga inda allon yake yaudarar mutane. Yana nuna maka INA fayil yake, ba ya nuna maka yaushe zai lalace. Amincewar farko tana da wa'adi, daga kwana 30 zuwa 90 gwargwadon banki. Ofa yawanci wata shida, wasu bankunan ƙasa da haka. Sitetmen da takardar albashi su ma suna tsufa, in an ja lokaci sai banki ya ce a kawo sababbi. To kati zai zauna lafiya lau a layin lauya, gani kake komai daidai, ofa kuwa tana ƙarewa a hankali, musamman sabon gini da magina ke ta ɗaga ranar gamawa. Don haka ka tabbata ranar ƙarewar ofa tana rubuce a FUSKAR katin ba sai an buɗe ba, kuma katin ya canza launi in ya wuce mako ba motsi. In manhajar ba ta yin wannan gaskiya kuɗinku kawai za ta ci.

Lokacin da na tabbatar da amfaninsa shi ne bayan ƙaramin kasafin Kwasi Kwarteng, ministan kuɗin Birtaniya na lokacin, na 23 ga Satumba 2022, da bankuna suka riƙa janye tayin ruwansu, wani da yamma zai sanar cewa daren nan za a rufe. Kallo ɗaya muka ga duk katunan da ba a tura ba, muka bi waɗanda takardunsu suka cika. Haka ma Maris 2025, da kowa ke rububin karɓar makulli kafin 1 ga Afrilu saboda harajin sayen gida, iyakar farashin da masu sayen gida karon farko ba sa biyan haraji a kai ta sauko daga fam 425,000 zuwa 300,000, layin lauya kaɗai muke kallo a watan.

Kada ka cire kati don an karɓi makulli fa. Kamashon banki sai bayan nan yake shigowa, ka yi masa layinsa har ka ga kuɗin. Sannan ka buɗe wani allon daban na tsofaffin kwastomomi, wanda ya ɗauki tsayayyen ruwa na shekara 2 ko 5 ana iya nema masa sabon tayi tun saura wata shida, in ba kai ka kira shi ba wani zai kira.

Masu gudun kuɗin ruwa da ke bin tsarin musharaka (haɗin gwiwar mallaka) irin na bankin Gatehouse, matakan kusan ɗaya ne, sai dai tunda bankin ma yana cikin sayen gidan aikin lauya ya fi yawa, ni launi daban nake ba su kawai.

Abu biyu da zan ja kunnenka. In manhajar allon kati ta gama-gari irin Trello ko makamancinsa za ku gwada kafin ku sayi ta gaske, kar a loda fasfo da sitetmen ɗin mutane a kai, dokar kare bayanan mutane ta GDPR ba wasa, lambar fayil ta isa. Na biyu jan kati ba shi ne rubuta bayani ba, ranar da masu duba fayil suka zo ko kwastoma ya kai ƙara, abin da za a nema shi ne me aka faɗa masa, yaushe, kuma me ya sa aka zaɓa masa wannan bankin. Kowane kati kuma sunan mutum ɗaya a kai, in an ce na kowa ne to ba na kowa ba ne.

Kafin oga ya biya, ka sa masu manhajar su nuna maka ana iya canza sunan layuka, kuma ana iya fitar da komai zuwa Excel, don lissafin ƙarshen wata har yanzu a can muke yi. Allah ya taimaka.