Wai kwamfuta za ta iya faɗin ƙarar titi tun kafin a gina shi?

Tambaya: Salam Malam, na samu fili kusa da babbar hanya kuma ana shirin faɗaɗa ta, wani injiniya ya ce min kar in damu wai sun lissafa da kwamfuta ƙarar ba za ta yi yawa ba. Ni dai hankalina bai kwanta ba, ta yaya ake lissafa ƙarar motar da ba ta ma iso ba? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Lissafin kam ana yinsa, Amurka na da manhajar TNM da hukumar manyan hanyoyinsu ta fitar a 1998, Ingila kuma na da nata tsarin lissafin mai suna CRTN tun 1975. Za ka ba manhajar yawan motoci a awa ɗaya, gudunsu, nawa ne manya a ciki, da nisan gidanka da kwalta, sai ta fito maka da desibel, wato ma'aunin ƙarfin ƙara. In motoci suka ninka biyu desibel 3 kacal ke ƙaruwa, sai an kai wajen 10 kunne ke jin abin ya ninka.

Amma fa ga inda gizo ke saƙar. Kafin a haɗa TNM sai da aka tsaya bakin titi da makirfo, tazarar mita 15, aka auna motoci sama da 6000 ɗaya bayan ɗaya, to motocin Amurka ne a kan kwaltar Amurka, manhajar ba ta san tirelar da salansarta ta fashe tana jan lodin siminti a kan tudu ba, ba ta san hon ba, mu kuwa direbanmu ko gaisuwa da hon yake yi, ga ramuka ga Keke.

Shi ya sa nake so ka tambayi injiniyan abu ɗaya, kun je wurin kun auna? Su kansu Amurkawan sai sun kafa na'urar auna ƙara a tsayin mita 1.5, wani na ƙirga motoci a daidai lokacin, sannan a gwada da abin da kwamfuta ta ce, in bambancin ya wuce desibel 3 a koma a gyara lissafin. Kuma ba a awon a jiƙaƙƙiyar kwalta ko ana iska mai ƙarfi.

Kai ma daure ka je filin da tsakar dare lokacin da manyan motoci ke tafiya, ka tsaya inda kake son ɗakin kwana ka saurara. In ka saya, ɗakin ya koma baya, katanga doguwa marar huda a gaba, layin darbejiya ɗaya inuwa kawai zai ba ka.