Su wa ke hawa jirgin da ake zargi?

Malam, ka tambaya ko sai dakaru na musamman ke hawa jirgin ruwan da ake zargi don bincike. Ba dole ba ne. A sojin ruwan Amurka, in jirgin bai yi gardama ba, cikin ma'aikatan jirgin yaƙin ake zaɓo mutane, ƙari a kan aikinsu. In ana tsammanin harbi, sai a kira dakarun SEAL, wato dakaru na musamman na sojin ruwan Amurka.

Ni a ganina, abin wuya a horon wannan aiki shi ne hawan. Tsani na lilo, igiyar ruwa na wasa da kwalekwale, ga sulke da bindiga sun yi wa mutum nauyi. A Janairun 2024 dakarun SEAL biyu suka nutse kusa da Somaliya wajen irin wannan hawa. Saboda irin wannan haɗari ne ake gwada iyon mutum tun kafin a ɗauke shi.