Sunayen da Tsofaffi Ke Kiran La'ananne da Su

Ɗana, na yi murmushi da na ga kana tambayar dalilin da ya sa kakarku, Allah ya jiƙanta, ba ta furta sunan Shaiɗan da daddare, sai dai ta ce "la'ananne" ko "maƙiyin Allah". Da na kai inda ka ce abokan ƙwallonka suna kiranka Shaiɗan saboda ka iya yanka, sai raina ya sosu. A zamaninmu da wani ya laƙaba wa yaro wannan suna, uban yaron da kansa zai je har ƙofar gidansu.

Malamai suna cewa Iblis, ko jefaffe, ko mai sanya waswasi. Tsofaffin mata kuwa tsinanne da korarre suka fi yawa a bakinsu. Kada ka haɗa waɗannan da "mutanen ɓoye" ko "iskoki", domin aljanu ake sakayawa da su, kuma su Ɗan Galadima da Sarkin Rafi na 'yan bori ne, Dodo kuma na tatsuniya. Kakata takan ce, wanda ka kira sunansa shi ne yake waigowa.

Wata shekara da kaka, ina yaro, muka bi kakanmu za mu kai dawa kasuwa a kan jakuna. Magariba ta riske mu kusa da wata tsohuwar tsamiya da ko manya ba sa son wucewa ta gindinta. Nan jakin gaba ya yi tuntuɓe, mangala ta zame, dawa ta watse cikin rairayi. Yayana, cikin tsoro da haushi, ya ɗaga murya ya ce, "Allah ya tsine wa Shaiɗan!" Tsohon bai tanka ba. Ya durƙusa yana tara dawar da tafin hannunsa yana zubawa a gefen rigarsa, mu ma muka durƙusa, sai da muka kusa gamawa sannan ya ce ya ji daga malamansa cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana wani sahabi faɗin irin wannan lokacin da dabba ta yi tuntuɓe da su, domin idan an ambace shi haka sai ya kumbura ya kai girman ɗaki, idan kuwa aka ce Bismillahi sai ya ƙanƙance ya koma kamar ƙuda. Muka yi Bismillah, aka sake ɗaure kayan, muka wuce tsamiyar ba wanda ya ƙara magana.

Abin da ke damuna yau shi ne yadda sunan ya zama mafaka. Mutum zai ci amanar maraya da idonsa biyu, ranar da aka kama shi ya ce sharrin Shaiɗan ne, alhali a Suratu Ibrahim, aya ta 22, an faɗa mana cewa shi kansa zai ce kira kawai ya yi aka amsa masa. Idan ka zo hutu ka zauna da gwaggonka, domin akwai sauran sunayen da mata ke amfani da su a cikin gida waɗanda ita ta fi kowa riƙe su.