Amsa: In yi tiyatar gyaran hanci ko in fasa saboda bakin mutane?

'Yar'uwa, kina tambaya ko ki yi aikin gyaran hancin ko ki haƙura saboda surutun mutane. Ni dai a ganina in har ke abin ya daɗe yana damu, ba wai gori wani ya yi miki jiya ba, to ki yi abinki, bakin mutane ai ba ya rufuwa, ko kin yi ko ba ki yi ba sai sun samu abin faɗa, kuma ba dole ba ne ki tsaya yi wa kowa bayani.

Amma fa ki shirya wa watannin farko. Ni na yi jinyar ƙawata bayan nata aikin, satin farko ga filasta a hanci, ƙasan ido ya yi baƙi kamar an naushe ta, numfashi ma sai ta baki. Kuma kumburin kan kai wajen shekara kafin ya saɓe gaba ɗaya, a nan ne masu "ai dama mun faɗa miki" ke samun bakin magana, in zuciyarki ba ta tsaya ba sai su sa ki nadama tun ba ki ga sakamakon ba. Ki nemi ƙwararren likita mai lasisi, in ya ce miki babu wani haɗari ko kaɗan, ɗauki jakarki ki nemi wani.