Filin Tambaya da Amsa: Abin da Ake Koya wa Ɗalibin Shari'a da Abin da Ake Tambayarsa a Jarrabawa

Wasiƙu uku muka zaɓa a wannan fitowar, dukansu a kan yadda ake koyar da ilimin shari'a a jami'a da yadda ake auna ɗalibi. Mun taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a shekara ta biyu a tsangayar shari'a. A farkon kowane zango ana raba mana takardar tsarin kwas, a samanta kuma akwai jerin abubuwan da aka ce ɗalibi zai iya yi idan ya kammala, kamar warware matsalar shari'a da ba da shawara a rubuce. Amma a aji karanta mana lacca ake yi muna rubutawa, a jarrabawa kuma abin da muka rubuta ake so mu mayar. Shin wannan jeri yana da amfani, ko ado ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Jerin yana da amfani, amma amfaninsa ya rataya ne a kan ko malamin da ya rubuta shi ya tuna da shi ranar da ya zauna tsara tambayoyin jarrabawa. Manufarsa ta asali ita ce malami ya daina lissafin babin da zai karantar kafin zango ya ƙare, ya koma lissafin abin da ɗalibi zai iya aikatawa da alƙalaminsa ko da bakinsa, wanda a da ba zai iya ba. Tun a 1956 Benjamin Bloom da abokan aikinsa a Amurka suka kasa ayyukan tunani zuwa matakai shida, na ƙasa shi ne tuna abin da aka karanta, sai fahimta, sai aiki da shi a kan sabon lamari, har zuwa na sama, wato auna hujjoji da yanke hukunci a kansu. Aikin lauya da na alƙali a matakan sama yake, jarrabawar da kika siffanta kuwa a matakin farko ta tsaya.

Mu ɗauki shari'ar Donoghue da Stevenson, wadda kusan duk mai karatun dokar sakaci a ƙasashen da suka gaji tsarin Ingila ya haɗu da ita. A 1928, a garin Paisley na Sukotlan, an saya wa wata mata lemo a kwalbar da ba a ganin cikinta, sai bayan ta sha ta ce an ga ruɓaɓɓiyar katantanwa a ciki. Ba ita ta biya kuɗin ba, saboda haka babu kwangila tsakaninta da kowa, amma a 1932 kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan lokaci, da rinjayen alƙalai uku a kan biyu, ta ce mai sarrafa kaya yana da nauyin kulawa a kan wanda zai yi amfani da su. Malami yana iya cewa ɗalibi ya kawo labarin shari'ar da ƙa'idar da alƙali Atkin, ɗaya daga cikin ukun da suka yi rinjaye, ya shimfiɗa, kuma mai hadda zai cinye makin duka. Yana kuma iya ƙirƙiro wani labari dabam, inda kwalbar ake ganin cikinta, ko inda dillali ya buɗe kayan ya sake ƙulle su kafin ya sayar, sannan ya ce a ba mai kamfanin shawara. A nan dole ɗalibi ya gane cewa rashin damar duba kayan a tsakanin masana'anta da mai sha yana cikin ginshiƙan hukuncin, ya kuma nuna ko sauyin da aka yi wa labarin ya girgiza ginshiƙin. Shari'ar ɗaya ce, amma tambaya ta biyu ce kaɗai ta auna abin da takardarku ta yi alkawari.

Masanin ilimi John Biggs, ɗan ƙasar Ostireliya, ya yi bayani a 1996 cewa abu uku dole su tafi a layi ɗaya: abin da ake so ɗalibi ya iya, ayyukan da yake yi a aji, da yadda ake jarraba shi. Hujjarsa mai sauƙi ce, wato ɗalibi daga jarrabawa yake gane abin da ake buƙata a gare shi, kuma da shi zai tsara karatunsa komai aka rubuta a takarda. Hukumomi ma sun bi wannan hanya. A Ostireliya an fitar da mafi ƙarancin abubuwa shida da ake tsammani daga mai digirin shari'a a 2010, ciki har da ɗa'ar aiki, bincike, sadarwa da iya tafiyar da kai. Ƙungiyar Lauyoyin Amurka kuma, a gyaran ƙa'idojin da ta yi a 2014, ta wajabta wa makarantun da take amincewa da su su bayyana irin wannan jeri, su kuma riƙa yi wa ɗalibai gwajin gyara kuskure kafin jarrabawar ƙarshe. Don haka idan na ji malami yana kukan cewa ɗalibai sun cika hadda, alhali haddar yake ba maki, sai in ce an bar jaki ana dukan taiki.

Kada dai ki ɗauka na raina hadda, domin wanda bai riƙe ƙa'ida a kansa ba ba shi da abin da zai yi aiki da shi. Shawarata ita ce ki ci gaba da shirin jarrabawar da ke gabanki yadda take, sannan ke da abokan karatunki ku ware lokaci kowane mako kuna sauya labarin shari'o'in da aka karanta muku, ɗaya ya tsaya wa mai ƙara, ɗaya ya tsaya wa wanda ake ƙara. Ba laifi ba ne kuma wakilin aji ya roƙi malami cikin ladabi ya kawo tambaya ɗaya mai labari a gwajin tsakiyar zango.

Tambaya: Malam, ban daɗe da fara koyarwa ba, kuma ajina ya haura mutum ɗari uku. Na karanta cewa hanyar tambaya da amsa a kan shari'o'i ita ce mafi inganci wajen koyar da doka. Yaya zan yi da ita a irin wannan taro?

Amsa: Malam, Allah ya taimaka. Da farko dai ina da ja a kan cewa ita ce mafi inganci. Christopher Langdell ne ya yaɗa ta bayan ya zama shugaban makarantar shari'a ta Harvard a 1870, kuma a 1871 ya fitar da tarin shari'o'in kwangila domin ɗalibai su karanta hukuncin alƙalai da kansu, su ciro ƙa'idar, malami kuma yana matsa su da tambayoyi. Ta ƙware wajen koya wa mutum bambance shari'a da shari'a, da tsayawa a kan hujja idan an taso shi. Sai dai kusan duk abin da ake karantawa hukuncin kotunan ɗaukaka ƙara ne, inda an riga an tace gaskiyar lamari an jera ta, alhali shi lauya mutum ne ke zuwa masa a ruɗe da labari mara kai, da takardun da rabinsu sun ɓata. Jerome Frank, wani masanin shari'a na Amurka, ya yi wannan suka tun a 1933, inda ya nemi a riƙa koyar da lauya kamar yadda ake koyar da likita a gaban mara lafiya. Rahoton da kwamitin MacCrate na Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ya fitar a 1992 ya lissafa ƙwarewa goma da ɗabi'u huɗu da lauya ke buƙata, ciki har da binciken gaskiyar lamari, ba da shawara da sasantawa, waɗanda karatun hukunci kaɗai ba ya koyarwa. Rahoton Gidauniyar Carnegie na 2007 ya ƙara da cewa makarantu sun yi ƙarfi wajen horar da tunani, sun yi rauni wajen aiki a aikace da tarbiyyar sana'a, ya kuma soki al'adar rataya makin ɗalibi duka a kan jarrabawa ɗaya a ƙarshen zango.

A aji mai ɗari uku, idan ka tsayar da mutum ɗaya kana yi masa tambayoyi, sauran 'yan kallo ne, mafi yawansu kuma addu'a suke yi kada ka kira sunansu. Abin da ya fi dacewa shi ne ka ba da gajeren labari kafin ranar lacca, ka yi bayanin ƙa'ida na kamar minti ashirin, sannan ka dakata ka ce kowa ya rubuta matsayarsa a layi biyar, ya gwada ta da ta maƙwabcinsa, kafin ka kira wasu daga sassa dabam-dabam na ɗakin. Ta haka kowa ya yi tunani kafin ya ji amsa, wanda aka kira kuma ba a tsirara aka kama shi ba.

Gyaran rubutu shi ne inda akasari ake karaya, domin ba wanda zai iya yin sharhi a kan takarda ɗari uku kowane mako. Ba dole ba ne kuma. Ka rubuta ma'aunin maki a fili, wanda ya nuna kason gano matsalar da ke cikin labarin, na kawo dokar da ta dace, na ɗora ta a kan labarin, da na kammalawa, kuma ka ba kashi na uku mafi tsoka. Ka raba amsoshi biyu marasa suna, mai ƙarfi da mai rauni, ɗalibai su yi musu maki da ma'aunin, sannan ka nuna musu naka makin da dalilinsa. Ɗalibin da ya taɓa zama a kujerar mai duba takarda yakan daina cika shafi da duk abin da ya sani.

Kotun gwaji da cibiyar da ɗalibai ke ba jama'a taimakon shari'a a ƙarƙashin kulawar lauya suna cike giɓin da Frank ya nuna, gasar Jessup ta dokar ƙasa da ƙasa ma tun 1960 ake yin ta. Amma 'yan kaɗan ne sukan samu shiga, kuma galibi masu baki ne da ma. Idan za a ba su maki, a dubi shiri, rubutu, riƙon sirri da yadda aka saurari mai neman taimako. Cin nasara a ƙara ba ma'auni ba ne mai adalci, tunda ba ɗalibi ne ya zaɓi ƙarfin hujjar da aka damƙa masa ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na shekara da yawa ina aikin lauya, kuma ina mamakin jin ana jarraba ɗaliban shari'a da tambayoyin canki-canka. Ga kuma ƙirƙirarriyar basira tana rubuta musu aikin gida. Ina aka dosa?

Amsa: Barista, canki-canka ba baƙo ba ne a wannan fage. A Amurka, jarrabawar bai-ɗaya da yawancin jihohi suka daɗe suna amfani da ita wajen shigar da lauyoyi, wadda aka fara a 1972, tambayoyi 200 ne na zaɓi. A Ingila da Wales kuma, sabuwar jarrabawar shigar da lauyoyi da aka fara a 2021 ta zo da tambayoyi 360 a kashinta na farko, kowacce da gajeren labari da zaɓi biyar, ana neman wanda ya fi dacewa. Irin wannan tambaya, idan an ƙera ta da kyau, tana auna aiki da doka a fagage masu yawa, kuma makinta ba ya sauyawa da gajiyar mai dubawa. Abin da ba ta iyawa shi ne nuna ko mutum zai iya gina hujja daga tushe, shi ya sa kashi na biyu na jarrabawar ta Ingila ya ƙunshi ganawa da mai neman shawara, tsayawa a gaban alƙali, bincike da tsara takardun shari'a. Damuwarka tana da tushe a inda aka ɗauki kashi na farko don sauƙinsa aka watsar da na biyu.

Batun na'ura kuwa, aikin gida da ake miƙawa ba tare da an tambayi mai shi komai ba ya daina zama shaida a kan iyawarsa, manhajojin da ake cewa suna gano rubutun na'ura kuma suna kuskure, har su jawo a zargi marar laifi. Ya fi aminci a sa ɗalibi ya kare abin da ya rubuta da baki na 'yan mintoci, a sauya masa abu ɗaya a labarin a ji ko shawararsa za ta sauya, a kuma sa shi ya buɗe shari'ar da ya kafa hujja da ita ya nuna sakin layin. Wannan na ƙarshe ya zama dole, domin a 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci tarar wasu lauyoyi da suka gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙiro musu. Jarrabawar baki tana da nata haɗarin na son rai, saboda haka malamai biyu su zauna, a yi wa kowa tambayoyi masu nauyi ɗaya, a kuma naɗi sauti domin wanda bai gamsu da makinsa ba ya samu abin da zai ɗaukaka ƙara da shi.