Tambayi Likita: Ruwa ya tafi da maganin Inna

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ambaliya ta rushe mana gida a yankin Goronyo, yanzu a ajin wata firamare muke kwana. Inna na da hawan jini da ciwon suga, katin asibiti da magungunanta duk ruwa ya tafi da su. Abin da ta sani kawai, akwai "ƙaramin fari" na safe da wani babba na bayan abinci. Maƙwabciyarmu ta ce za ta riƙa sam mata nata. Ta karɓa?
Mai karatu daga Goronyo

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ya ba Inna lafiya. Kada ta karɓa, Malam, ko da maƙwabciyar da zuciya ɗaya ta yi tayin. Ƙananan fararen ƙwayoyi sun fi a ƙirga. Amlodipine na hawan jini yakan zo fari, glibenclamide na suga ma haka, shi kuwa na biyun in aka sha ciki ba komai yakan kayar da suga, sai zufa, karkarwa, har suma. A sansani wa ya san ƙarfe nawa za a sauke tukunya?

Ko a Amurka an ga haka. Da guguwar Katrina ta afka wa birnin Niyu Olins a watan Agusta 2005, tsofaffi da yawa sun isa matsuguni hannu rabbana, ba magani, ba su san sunansa ba, takardun asibitinsu kuma suna cikin ruwa.

Ka kai ta inda ta saba ganin likita. In asibitin koyarwa na Ɗanfodiyo ne ko Asibitin Ƙwararru a nan Sakkwato, je ɗakin kati da cikakken sunanta a nemo fayil ɗinta. In hanya ta yanke, asibiti mafi kusa ya auna jini da suga, a rubuta mata sabo. Za ta ce maka lafiya lau take ji (duk iyayenmu haka suke cewa), to hawan jini ba ya sallama kafin ya shanye ɓarin jiki.

In amai da gudawa suka kama ta, abin da ba a rasa shi bayan ambaliya, kada a kwana da ita gida.

Ranar da aka ba ku maganin, ɗauki hoton kwalin da takardar da waya, sunan da adadin miligiram su fito sarai, ka tura wa wani ɗan'uwa a birni ta WhatsApp.