Sunana Ya Rubuta A Asusun Hannun Jarinsa, Kuɗin Nawa Ne Ni Kaɗai?

Tambaya: Barista, mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya mata biyu. Yana da asusun hannun jari a wani kamfani, kuma sunana ya rubuta a gurbin wanda za a nema in ya mutu. Ƙaninsa ya ce sai an sa kuɗin cikin gado, har yana barazanar kai ni kotu. Ai tunda sunana ne a takarda, nawa ne ko?

Amsa: Hajiya, Allah Ya jiƙansa, Ya ba ki haƙurin rashi. Ban ga takardar ba, ba ki kuma faɗi ƙasar da aka buɗe asusun ba, don haka abin da zan faɗa yana iya sauyawa in na gan ta. Amma maganar cewa sunanki ya mallaka miki kuɗin, a nan nake so ki dakata.

Gurbin suna iri biyu ne, kuma mutane suna yawan haɗa su. Akwai wanda ake rubuta ɗan'uwa mafi kusa don kamfani ya san wa zai tuntuɓa. Wannan ba ya ba kowa ko sisi. Akwai kuma wanda mai asusu ke umartar kamfani ya miƙa dukiyar ga wane bayan mutuwarsa. Ko wannan na biyun ma, ƙarfinsa ya danganta da dokar ƙasa. A Amurka, tun da aka tsara dokar bai-ɗaya kan irin wannan umarni a 1989 wadda kusan duk jihohi suka ɗauka, wanda aka ambata yakan karɓi hannun jarin kai tsaye, ba sai an bi ta kotun gado ba, ko da wasiyya ta faɗi wani abu dabam. A Indiya kuwa, Kotun Ƙoli ta yanke a Disamban 2023 cewa wanda aka ambata ba ya zama mai dukiyar, magada suna nan da haƙƙinsu. Takarda iri ɗaya, hukunci ya sha bamban.

In kuma shari'ar Musulunci ce za ta raba gadon, to a fahimtata hujjarki tana da rauni. Kyauta ba ta tabbata sai an karɓe ta mai bayarwa yana raye. Abin da aka rataya ga mutuwa wasiyya ce, wasiyya kuwa ba ta wuce kashi 1 cikin 3, kuma ba a yin ta ga magaji sai sauran magada sun yarda. Ke magajiya ce. Bayan an biya bashi, rabon mata in akwai 'ya'ya kashi 1 cikin 8 ne, 'ya'yanki biyu suna da kashi 2 cikin 3. Tunda babu ɗa namiji, in mahaifin mamacin ba ya raye, ƙaninsa yana iya samun abin da ya saura. Ke nan ba lallai ne ya zama ɗan shisshigi ba.

Sai dai barazanar da yake yi ba ta dace ba. Mutumin da wataƙila rabonsa bai kai na yaran ba bai kamata ya fara da tayar wa mai takaba hankali ba, kuma ba shi da ikon umartar kamfani ya yi komai.

Sauran aikin sananne ne: takardar shaidar mutuwa, wasiƙa zuwa ga kamfanin ki nemi kwafin abin da marigayin ya cike, sai izinin kula da gado daga kotu in an buƙata. Kada ki sayar da komai kafin nan, ko da kamfanin ya sakar miki, don ana iya tilasta miki ki mayar.

Ni dai ba zan ba ki shawarar zuwa kotu yanzu ba. Rikici yakan sa a rufe asusu, darajar hannun jari tana hawa tana sauka ba mai iya taɓawa, kuɗin lauya kuma daga dukiyar marayun zai fita. Ki nemi a zauna da masanin rabon gado da lauya ɗaya da kowa ya amince da shi. In akwai shaidar cewa mijinki ya so ya fifita ki, ko kuma da kuɗinki a cikin jarin, ki kawo ta wurin zaman. Manyan magada suna iya yafe miki rabonsu a rubuce, amma rabon yaran da ba su balaga ba babu mai ikon yafe shi, har ke.